Sauya kayan cikin kwamfuta ba tare da lasisin Windows ya faɗi ba

Lasisin Windows 10 da 11 a ɗaure yake da babban allon kwamfuta, wanda masu gyara a Garwa da Marwa ke kira kat mer. Ƙara RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi), ko cire tsohon faifai a sa SSD (faifan ajiya mai sauri), ba ya taɓa shi. Canza allon ne ke sa Windows ta ɗauka an kai ta wata na'ura. Saboda haka aikin lasisi kafin a kwance sukuru ko ɗaya ake yin sa.

Fara da sanin irin lasisin da ke kai. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta slmgr /dli. In ka ga RETAIL, lasisin naka ne, zai bi ka zuwa sabon allo. In OEM ne, na kamfanin da ya ƙera na'urar ne, tun zamanin Windows 8 a cikin allon ake dasa lambarsa, kuma a ƙa'ida ba ya ƙaura. In kuwa VOLUME_KMSCLIENT ya fito, yi hattara. Wannan lasisin ma'aikatu ne mai wa'adin kwana 180. Rubuta slmgr /xpr za ka ga ranar ƙarewarsa. Irin wannan babu abin ɗaukowa a cikinsa, sai sayen sabo.

Daga nan shiga Paramètres (saituna, a Windows ta Faransanci) ka buɗe Activation: a Windows 10 yana ƙarƙashin Mise à jour et sécurité, a 11 kuma Système. Abin da ake so a gani shi ne lasisin dijital haɗe da asusunka na Microsoft. In bai haɗu ba, shiga da asusun yanzu, tsohon allon na raye. Duba kuma bugun Windows ɗinka, ko Famille ce ko Professionnel, domin lasisin ɗaya ba ya buɗe ɗaya. In BitLocker, makullin faifai na Windows, na kunne, kwafi lambar ceto mai lamba 48 a takarda. Sabon allo zai tambaye ta, kuma in babu ita fayilolinka sun kulle ke nan.

Wajen kwancewa, cire waya da batir, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10. Da hunturu iska a bushe take, jiki na tara wuta, don haka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kama RAM, ka riƙe ta ta gefe. Nau'in RAM na DDR3 da na DDR4 tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, kada ka tilasta. Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne DDR3L mai bolt 1.35: kamanninta ɗaya da DDR3 mai 1.5, amma laftof da aka yi don ta farkon sau da yawa sikirin ɗinsa baƙi zai nuna in aka sa masa ta biyun. Ramin M.2, inda ake sa ƙaramin SSD, ma iri biyu ne, SATA da NVMe, a duba kafin a biya. Tunda an buɗe, a hure ƙurar fanka a sabunta man da ke kan furosesa, don zafin Maris da Afrilu ba ya barin na'ura mai toshewar hanci.

In SSD kawai ka canza, sa Windows daga filashi mai giga 8, ka zaɓi cewa ba ka da lambar lasisi, ka ɗauki irin bugun da ke kai a da. Da zarar ta hau intanet za ta kunnu da kanta. Kada ka fara sai batir ya cika ko akwai ondulè, na'urar riƙe wuta, saboda ɗaukewar wuta a tsakiya na nufin sake farawa.

In allo ne aka canza, za ka iya ganin lambar kuskure 0xC004F211 ko 0xC004F213. Shiga da asusun nan dai, a matsayin mai iko da na'urar, ka koma Activation ka danna wurin warware matsala. Zaɓi layin da ke cewa ka canza kayan na'urar kwanan nan, ka nuna sunan kwamfutarka a jerin, ka tabbatar ita kake amfani da ita. Mai lambar lasisin RETAIL, mai haruffa da lambobi 25, yana iya shigar da ita kai tsaye. Lambobin Windows 7 da 8 kuwa sun daina kunna Windows 10 da 11 tun 2023.

Wani lokaci laifin agogo ne. Allon da aka taɓa amfani da shi kan zo da mataccen batirin agogo CR2032, kwanan wata ya koma baya, sai 0x80072F8F ya fito. Canza batirin, gyara lokaci, sake gwadawa.

Kafin ka zuba sefa a sabon allo, tuna Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 na neman TPM 2.0, sashen tsaro na na'ura, da furosesan Intel na ƙarni na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000. Tsohuwar na'ura SSD da RAM giga 8 sun ishe ta. Allo sai wanda zai ɗauki 11.