Kurakuran da masu kiwon aksolotil suke ta maimaitawa

Na gaji da ganin abu ɗaya. Mutum ya sayi aksolotil, wannan dabbar ruwa dangin kwaɗo da asalinta tafkin Xochimilco ne a birnin Mexico, bayan wata guda sai ka ji yana tambaya me ya sa ta daina ci, me ya sa gezar da take numfashi da ita ta guntule. Kusan kullum amsar tana cikin tankin.

Babban laifi shi ne zuba mata kifi wai don kada kaɗaici ya dame ta. Wa ya ce maka tana neman abokin hira? Aksolotil ba ta gani sosai, kuma ba ta tauna. Buɗe baki take yi farat ɗaya ta zuƙi ruwa da duk abin da ke ciki. Kifin da ya shiga bakinta abinci ne, wanda bai shiga ba kuwa shi zai ci ta. Gezar nan mai laushi da ke gefen kanta, a idon kifi tsutsa ce, haka zai yi ta tsinkarta dare da rana. Mafi muni shi ne fleko, kifin nan mai lasar gilashi. Wani mai shago ya rantse mini cewa shi zai riƙa share tankin. Ya share ɗin, har da yauƙin da ke kare fatar dabbata. Da gari ya waye bayanta duk ciwo, fumfuna ta hau, ba ta tashi ba. Ƙananan tarwaɗa da ake kira koridoras su ma a guje su, suna da ƙaya a jiki, in ta haɗiye ɗaya sai ya maƙale a maƙogwaro.

Kuma a tuna, yawancin kifayen ado ruwa mai ɗumi suke so, ita kuwa daga digiri 16 zuwa 18 na Selshiyas take sakewa. Ya haura 24 ta fara galabaita. A ƙasa mai zafi irin tamu, wanda ba shi da na'urar sanyaya ruwa da tsayayyiyar wuta ya haƙura da kiwon nan tun kafin ya kashe kuɗinsa.

To a haɗa ta da 'yar'uwarta? Ni ba na yi sai girmansu ya zo ɗaya, kuma kowacce ta wuce santimita 15. Ƙanana cin ƙafafun juna suke yi. Kada wani ya ce mini ai ƙafar tana sake tsirowa. Tana tsirowa, amma wannan ba lasisin sakaci ba ne. Mace da namiji a wuri ɗaya kuwa, ka shirya wa ɗaruruwan ƙwai da ba ka san inda za ka kai su ba.

Laifi na biyu tsakuwa ce a ƙasan tanki. Tana da kyau a ido, na sani. Amma bakin da ke zuƙar abinci shi ke zuƙar tsakuwa, ta toshe hanji, ciki ya kumbura, kashi ya tsaya. Nawa tankin ba komai a ƙasansa. Mai son ado ya sa yashi mai laushi sosai, shi ma sai dabbar ta girma, ko duwatsun da suka fi kanta girma.

Abinci ba wani sirri ba ne: tana, wato tsutsar nan ta cikin ƙasa. Ita nake ba su, da doguwar matsefata, in yanka wa ƙanana. Sai dai ban da tanar gonar da aka yi wa feshi ko aka zuba wa takin zamani. Dunƙulen abincin kanti mai nutsewa yana yi idan tana ta yi wuya. Jajayen tsutsotsin nan da ake sayarwa a daskare cikin ƙanƙara marmari ne, ba sa riƙe babba.

Naman sa da na kaza, a'a, kitsen ya fi ƙarfin cikinta. Kifin zinariya a matsayin abinci, a'a, yana shigo da cuta, kuma yana da sinadarin da ke lalata bitamin B1. Babban dodon koɗi, a fitar da shi daga tankin.

Sai masu ɗura. Ƙarama kullum take ci, babba sau 2 ko 3 a mako ya ishe ta. Ni cikin nake dubawa daga sama: idan faɗinsa ya fi na kai, na rage. Abin da ta bari kuma a kwashe shi nan take, don ragowar da ta kwana ita ke ɓata ruwan.