Yadda ake tunkarar nassin adabi a jarrabawar auna fahimta

Ɗalibai da yawa a Zariya, daga Samaru har Tudun Wada, suna karanta nassi su gane labarin sarai, amma makinsu ya zube a tambayoyi. Dalili ɗaya ne: suna amsawa da abin da ke kansu, alhali mai jarrabawa abin da ke kan takarda yake nema. Duk amsar da ba ka iya ɗora yatsa a kan layin da ya tabbatar da ita ba, to kada ka amince da ita.

Fara da lissafin lokaci. A JAMB tambayoyi 180 ne cikin minti 120, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya idan aka raba daidai. WAEC da NECO sun fi ba da sarari, amma su ma ba sa jiran mai nawa. Saboda haka ka leƙa tambayoyin tukuna, sannan ka karanta nassin sau biyu. Karatun farko don ka san wa ke magana, da wa, a ina, me ya faru. Na biyu kuma da fensir a hannu, kana jan layi ƙarƙashin kalmomin da ke juya zance: amma, sai dai, ashe, duk da haka. Galibi a bayansu marubuci ke ɓoye manufarsa. Idan a kwamfuta ne, ka riƙe su a ka.

Ga misali: "Ladidi ta shigo zaure da kwano. Malam Tanko bai ɗago kai ba, ya ci gaba da jan carbi. Can ya ce, 'Ashe yau an tuna da mu.'" Aka tambaya, wane hali Malam yake ciki? Mai gaggawa zai zaɓi murna, tunda an kawo abinci kuma an tuna da shi. Amma dubi hujjojin: bai ɗago kai ba, ya ja lokaci kafin ya tanka, ga "ashe" da "yau" suna nuna an daɗe ba a kula shi ba. Wannan habaici ne, zuciyarsa a ɓace take. Haka za ka riƙa auna maganar mutum da abin da jikinsa ya yi. In sun saɓa, jikin ne ya faɗi gaskiya.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne jigo. Jigo saƙon da ya ratsa nassin ne daga farko har ƙarshe, kuma ya kamata ya shiga cikin kalmomi biyu ko uku, kamar illar zumuɗi ko riƙon amana. Idan ka tsinci kanka kana cewa "wani mutum ne ya je kasuwa", ka koma ba da labari. A tambayoyin zaɓi akan saka ƙaramin jigo don ya yaudare ka: gaskiya ne yana cikin nassin, amma sakin layi ɗaya kawai ya taɓa.

Adon harshe kuwa alamominsa a fili suke. In ka ga kamar, tamkar ko sai ka ce, kamance ne. In an ce "Audu zaki ne" kai tsaye, siffantawa ce. "Hunturu ya ƙwanƙwasa ƙofa" mutuntarwa ce, don an ba iska aikin ɗan Adam. Kada ka tsaya ga ambaton sunan adon. A tambayar rubutu ka ƙara da abin da ya jawo wa ma'ana, nan makin yake.

Idan waƙa ce, ƙirga ɗangwayen baiti, wato layukansa, kafin komai. In biyar ne, ƙwar biyar ke nan. Duba ƙarshen ɗango na biyar a kowane baiti don gano babban amsa-amo, wato sautin ƙarshen ɗango wanda ba ya canzawa, sannan ƙarami a ɗangwaye huɗun farko.

Wajen atisaye, ɗauki nassi ɗaya kullum daga tsofaffin tambayoyi, ka sa agogo minti 10. Bayan ka gama, rubuta layin hujja a gefen kowace amsa. Waɗanda ka kuskure, koma ka nemo kalmar da ka tsallake, ka tara irinsu a bayan littafinka don bita kafin ranar jarrabawa.