Yadda Za Ka Kare Haƙƙinka Idan Hatsarin Mota Ya Rutsa da Kai Tsakanin Kamaru da Cadi

Duk wanda ya saba bin hanyar Marwa zuwa Mora, ya wuce Waza da Dabanga har Kuseri, ya haye gadar Ngeli ya shiga Njamena, ya san motoci nawa yake gani kwance a gefen titi. Allah ya kiyaye. Amma idan tsautsayi ya auku, abin da na fi ganin yana cin mutanenmu shi ne rashin takarda: an ji rauni, an yi jinya, an sayar da akuya da babur, a ƙarshe ba a karɓi ko dala daga kamfanin inshora ba, alhali doka ta tanadi haƙƙin.

Mataki na farko tun a gida yake. Kamaru da Cadi duka suna cikin ƙungiyar CEMAC ta tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, tare da Gabon, Kongo, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, don haka ɗan ƙasa ba ya bukatar biza don gajeriyar ziyara. Ka riƙe katin ɗan ƙasa ko fasfo da bai mutu ba, da katin rigakafin shawara. Idan kai ne a sitiyari, ka ƙara da lasisin tuƙi, kart giriz (takardar rajistar mota), takardar duba lafiyar mota, inshora, da takardar duwan (kwastan) ta shigar da mota na ɗan lokaci. Sai kuma kart roz, katin inshora mai ruwan hoda na CEMAC, wanda ofishinsa a ƙasar da hatsari ya faru yake shiga tsakani wajen biyan wanda ka buge. 'Yan'uwanmu masu shigowa daga Najeriya ta Gamboru da Fotokol ko ta Banki su lura: katin ruwan ƙasa na ECOWAS iyakarsa Afirka ta Yamma, ba ya aiki a nan. Su yanki inshorar kan iyaka kafin su wuce. Sannan a tabbata an biya kuɗin inshorar cif, domin a dokarmu inshorar da ba a biya ba ba ta fara aiki.

Mataki na biyu, a wurin hatsarin. Rai ne gaba da komai. A kai masu rauni asibiti, a kira hukuma: a Kamaru 117 na 'yan sanda ne, 113 na jandarma, a Cadi 17. Kada ka gudu, gudu laifi ne na daban a kan na farko. Idan jama'a sun taru ka ga alamar za a taɓa lafiyarka, ka nufi jandarmari ko komisariya mafi kusa ka kai kanka. Kada a matsar da motoci kafin a auna, sai dole. Wanda yake da sauran ƙarfi ya ɗauki hoton lambar mota, takardar inshorar da ke manne a gilashi, da yadda motocin suka tsaya, ya kuma karɓi lambar wayar mutum biyu ko uku da abin ya faru a idonsu.

Mataki na uku shi ne inda na fi son a tsaya a saurara, wato rahoton hukuma da ake kira PV. A al'adarmu da zarar an yi karo sai dattawa su taso: "Haba Alhaji, ƙaddara ce, a yi haƙuri, a sasanta a nan." Direba ya zaro sefa dubu ashirin ko talatin, a shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Bayan kwana uku ƙafa ta kumbura, hoto ya nuna karaya, direban kuwa ya haye kogin Logon ya koma ƙasarsa. To wa za ka kama? Sulhu alheri ne, ba na musu, kuma a Cadi maganar diyya tsakanin dangi tana da ƙarfi ƙwarai. Sai dai kamfanin inshora bai san zaman zaure ba, PV ya sani. A fara rubuta shi, a tabbata sunanka ya shiga daidai yadda yake a katinka, ko da fasinja ne kai ko a bayan ɗan kilando (ɗan acaɓa) kake. Idan ba ka jin Faransanci, ka nemi a fassara maka abin da aka rubuta kafin ka sa hannu. Hukumar inda hatsarin ya faru ce take rubutawa: in a Tukra ne ko Waliya, ta Cadi, in a Maltam ne, ta Kamaru.

Mataki na huɗu, asibiti. Ka nemi likita ya ba ka takardar shaidar rauni tun ranar farko, wadda take bayyana raunin da kwanakin da ba za ka iya aiki ba. Ka adana kowane rasit, na magani, na hoto, na ɗinki. Masu ɗorin gargajiya sun taimaki mutane da yawa, amma ba sa ba da rasit, kuma wanda ya bar asibiti ya tafi wurinsu ya yanke igiyar hujjarsa da hannunsa. Idan jinya ta ƙare, akwai takarda ta biyu da take nuna ko an warke sarai ko an samu nakasa, da yawanta.

Mataki na biyar, kamfanin inshora. Nan akwai sauƙin da mutane ba su sani ba. Ƙasashen biyu doka ɗaya suke bi, ta CIMA, yarjejeniyar inshora da aka sa wa hannu a Yaunde a 1992, wadda ta haɗa ƙasashe 14, har da Nijar. Mai mota ya sanar da kamfaninsa cikin kwana 5 na aiki. Hukumar da ta rubuta PV wajibi ne ta aika wa kamfanonin kofi cikin wata 3, amma kada ka kwanta jira, ka bi sawu da ƙafarka. Fasinja da mai tafiya a ƙasa ana biyansu ko da akwai sakaci daga ɓangarensu, sai fa wanda ya jefa kansa da gangan; direba ne laifinsa yake rage masa ko ya hana shi. Kuɗin ba ciniki ba ne kamar na kasuwar shanu, lissafi ne da doka ta shimfiɗa a kan albashi mafi ƙanƙanta na ƙasa, da abin da mutum yake samu idan yana da hujja. Idan an yi rasuwa, magada za su kawo takardar mutuwa, ta aure, ta haihuwar yara da hukuncin gado daga kotu. Iyalan da ba su yi wa 'ya'yansu takardar haihuwa ba, a nan suke shan wahala.

Na shida, kada ka yi gaggawar sa hannu a tayin da aka yi maka. Ka nuna wa lauya ko wani masani. Idan ka riga ka sa, sannan ka gano an saɓa wa doka, kana da kwana 15 ka warware ta wasiƙa mai rajista. Rabon ƙaramin yaro ba a kammala shi sai da amincewar alƙali ko majalisar dangi. Idan kamfani ya yi ta jan ƙafa, ka kai kuka sashen kula da inshora na ma'aikatar kuɗi, ko ofishin kart roz in motar baƙuwa ce, sannan kotu. Ka dai riƙa ƙirga kwana, domin ƙofar ƙara tana rufewa bayan shekara 5 daga ranar hatsarin.