Yadda ake saka PTF da cire shi a kan IBM i

A IBM i, tsarin aikin kwamfuta na kamfanin IBM da ya samo asali daga AS/400 na 1988, gyaran manhaja yana zuwa ne da sunan PTF (Program Temporary Fix). Kowanne na da lambarsa: masu farawa da MF na Licensed Internal Code ne, wato manhajar da ke ƙarƙashin tsarin aikin (lambar manhaja 5770999), masu SI kuwa na tsarin aikin (5770SS1) da sauran manhajoji.

Fara da ajiyar kwafin tsarin gaba ɗaya: rubuta umarnin GO SAVE, ka ɗauki zaɓi na 21. Sai ka karanta takardar bayanin gyaran da DSPPTFCVR, don a can ake faɗin gyaran da dole ya riga shi shiga, da ko yana bukatar IPL, wato sake tayar da na'ura. Idan yana bukata, bari sai daren Asabar. A Abuja kuma ka duba batirin UPS da man janareta tukuna. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar IPL ba abin wasa ba ne.

Gyara guda ɗaya ana loda shi da LODPTF, a saka da APYPTF. Ga babban kunshin gyare-gyare, kamar SF99750 na sigar 7.5, GO PTF zaɓi na 8 ya fi sauƙi.

Inda ake yawan faɗawa rami shi ne zaɓin APY na umarnin APYPTF. Ka sa *TEMP, na'ura za ta adana tsofaffin abubuwan da gyaran ya maye gurbinsu, don haka akwai hanyar komawa. Ka sa *PERM, ta share su, ba kuma cirewa sai dai a dawo da ajiya. Wasu na gaggawar *PERM don samun fili a faifai. Mu dai shawararmu, a bar shi a *TEMP har a rufe lissafin ƙarshen wata lafiya.

Cirewa da RMVPTF ake yi. RMV(*TEMP) na janye gyaran amma ya bar shi a lode, RMV(*PERM) na fitar da shi ɗungurungum. In ya ƙi, galibi wani gyaran ne ya dogara da shi, sai a fara cire wancan.

Na MF sun bambanta. Na'urar tana riƙe da kwafi biyu na Licensed Internal Code: ɓangaren A mai gyare-gyaren dindindin kaɗai, da B mai har da na wucin gadi. Idan na MF mai bukatar IPL ya kawo matsala, tayar da na'ura daga A, ka cire shi da RMV(*PERM), sannan ka koma da PWRDWNSYS RESTART(*YES) IPLSRC(B). Bayan ta tashi, duba matsayinsa da DSPPTF kafin ka buɗe wa ma'aikata.