Yadda Ake Auna Kaifin Hoton Tauraron Ɗan'adam

Ɗaliban taswira a Kano suna ta tambaya, to ga matakan:

1. Sauke hoton Kano na tauraron ɗan'adam Sentinel-2 daga shafin Copernicus, shirin Tarayyar Turai na lura da Duniya. Kyauta ne, kowane ɗigon hoton (pixel) na launukan da ido ke gani mita 10 ne a ƙasa.

Hattara: guji hoton lokacin hunturu, hazo yana dusashe komai.

2. Buɗe hoton a QGIS, manhajar aikin taswira.
3. Nemo miƙaƙƙen layi inda duhu ya haɗu da haske, kamar bakin kwaltar filin jirgin Malam Aminu Kano. Wanda ya ɗan karkata daga jerin ɗigon hoton ya fi.
4. Ja layi ya ratsa shi.
5. Rubuta lambar hasken kowane ɗigo da ke kan layin da ka ja.
6. Ƙirga ɗigon da ke tsakanin kashi 10 da kashi 90 na canjin hasken. Iya ƙarancinsu, iya kaifin hoton.