Yadda Masana'anta Za Ta Tantance Ko Ya Dace Ta Samar da Wuta da Zafi Daga Inji Ɗaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da babban janareto yana aiki ya san irin hucin da ke fita daga bututun hayaƙinsa. Wannan hucin kuɗi ne. Daga cikin makamashin man da janareto ke sha, kimanin kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari ne kawai ke zama lantarki, sauran kuwa yakan tafi a hayaƙi da ruwan sanyaya inji. Abin takaicin shi ne, a gefe guda masana'antar tana sake ƙona wani man a tukunyar tururi. Idan aka kama zafin da ke salwanta aka sa shi aiki, amfanin da ake samu daga man yakan kai kashi 70 zuwa 80. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin tashar Pearl Street da Thomas Edison ya buɗe a birnin New York a 1882 ta sayar da lantarki da tururi tare.

Mataki na farko shi ne a auna bukatar zafi, awa bayan awa, har tsawon shekara guda. A nan ne wasu masu masana'antu ke yin kuskure, sai su sayi inji daidai da wutar da suke bukata, daga baya su rasa inda za su kai tururin. Ƙa'idar ita ce a zaɓi girman injin bisa zafin da ake bukata kullum ba yankewa, a bar ƙarin da ke tasowa lokaci-lokaci ga tsohuwar tukunya. Masana'antar da ke turara shinkafa, da masaƙa mai rini, da matatar sukari, duk sun dace. Wadda ke aiki da rana kaɗai ta rufe da magariba, da wuya kuɗinta su dawo.

Daga nan sai a duba irin zafin. Hayaƙin injin gas yakan haura digiri 400 a ma'aunin Salshiyas, ya isa ya tayar da tururi, amma ruwan da ke sanyaya shi bai cika wuce digiri 90 ba, saboda haka sai wanki ko ɗumama ruwan tukunya. Mai bukatar tururi mai yawa gara ya karkata ga injin tabain, wato injin da ke aiki ta hanyar juya farfela.

Sai batun mai. A lissafa farashinsa a gwada da kuɗin wutar layi, sannan a tabbatar ba zai yanke ba. Matatun sukari a Barazil da Indiya ragowar raken da aka matse suke ƙonawa, kuma ɓuntun shinkafa ma yana yin wannan aiki.

Kafin a sa hannu a takardar ciniki, a rubuta yarjejeniyar gyara da samar da kayan canji, a kuma tanadi na'urar tace ruwan tukunya, domin ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri yana toshe bututu cikin 'yan watanni.