Darasi na Bakwai: Wutar Lantarkin Da Ke Zaune Wuri Ɗaya

Toh 'yan uwa, yau da hannu za mu fara, ba da karatu ba. Kowa ya samo biro na roba ko mataji, da 'yar takarda. Ku yayyaga takardar ƙanana sosai ku zuba a tebur, sai ku goga biron a gashin kai da sauri kamar sau ashirin, sannan ku kawo shi kusa da takardun amma kar ku taɓa su. Za ku ga suna tsalle suna manne masa, wasu ma su manne su faɗo su sake tashi. In bai yi ba to wataƙila gashin da danshi ko mai, ku gwada da rigar ulu.

Me ya faru kenan? Komai da kuke gani an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, a cikinsu kuma akwai caji iri biyu, na ƙari mai alamar + da na ragi mai alamar −. Ilektiron, wani ɗan ƙanƙanin abu da ke cikin ƙwayar zarra, shi ke ɗauke da na ragi, kuma shi ne mai sauƙin tashi daga wuri. Da kuka goga, ilektiron suka bar gashi suka koma jikin biro, shi kuma roba ba ya bari wuta ta wuce ta cikinsa, shi yasa cajin ya tsaya nan ya zauna, ba kamar wutar da ke bin wayar lantarki ba da kullum tafiya take. Caji iri ɗaya ture juna suke, mabambanta kuwa jan juna.

Nan fa ake samun tambaya mai kyau: ai takardar ba a goga ta ba, me ya sa ta taso? Gaskiya ne cajinta daidai wa daida yake, amma da biron ya matso sai ya ɗan tura cajin ragin da ke cikinta baya, gefen da ke fuskantarsa ya zama na ƙari, kuma da yake wannan gefen ya fi kusa sai jansa ya rinjayi turewar. Kusanci shi ne komai a nan. Wani Bafaranshe Charles Coulomb ya auna abin a 1785, ya gano in ka ninka nisa sau biyu ƙarfin yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu ne, ba rabi ba. Abin kuma ya daɗe da sanuwa, tun wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa mutanen Girka sun lura cewa wani daskararren ƙaron itace in an goga shi yana jan ƙananan abubuwa, sunansa a yarensu elektron. Alamun + da − kuwa Benjamin Franklin na Amurka ne ya sa su.

Shokin nan da kuke ji in kun sauko daga mota kun taɓa ƙofa, musamman lokacin da iska ta bushe, shi ne dai wannan. Tufafinku sun gogi kujera, caji ya taru a jiki, da ya samu ƙarfe sai ya tsallaka lokaci guda har da ɗan tartsatsi. Yana iya kai volt (ma'aunin ƙarfin tura wutar lantarki) dubbai amma cajin kaɗan ne ƙwarai shi yasa ba ya yi wa mutum illa.

Inda abin ke damuna shi ne wajen fetur, don wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kunna tururinsa. Don Allah in za ku zuba mai a jarka ku sauke ta ƙasa tukuna, kar a cika ta tana cikin but ko bayan mota, kuma bakin famfon ya riƙa taɓa bakin jarkar. In kun koma cikin mota ana tsakiyar zuba mai, ku taɓa ƙarfen motar nesa da tanki kafin ku sake kama famfo. Walƙiya ma caji ne da ya taru a gajimare ya tsallako, don haka ba a fakewa ƙarƙashin bishiya in ana tsawa.

Aikin gida: ku hura balan-balan biyu, ku ɗaura musu zare, ku goga kowanne a gashi sannan ku rataye su kusa da juna. Ku rubuta abin da kuka gani a jimla biyu, da dalilinsa.